Ɓera a Ɗakin Kiɗan Likita

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin, Sufeto bai gama juya sukari a shayinsa ba ya ji hayaniya a kanta. Ya ajiye cokali ya leƙo.

Wani dattijo ne cikin farar rigar asibiti, gajere mai sanƙo, ya cukuikuye kwalar wani dogon mutum mai filaya a aljihun gaba. Sai da dogon ya rusuna sannan hannun dattijon yake kaiwa.

"Sata aka yi mini! Ga ɓarawon nan na kawo muku shi da kaina!"

Saje ce a kan kanta. Shekararta goma sha biyu a wurin, ba irin ihun da ba ta ji ba. Ta buɗe littafin rahoto ba tare da ta ɗago kai ba.

"Me aka sace?"

"Waya."

"Wace iri? Faɗi lambar layin."

"Ba wayar salula ba! Wayar sifika. Guda biyu, ta dama da ta hagu."

Sufeto ya gane shi. Likitan haƙori ne da ke da asibiti a bayan gidan mai, shi ya cire masa turmi bara. Har yanzu in ya ga mutumin sai ya ji muƙamuƙinsa ya amsa.

"Likita, sakar masa riga tukuna. Wane ne shi?"

"Ƙanin matata ne. Gyaran wuta yake yi. Ranar Alhamis na sa shi ya gyara mini fankar falo, yau na wayi gari ba waya."

"Nawa ne kuɗin wayar?"

Likita ya waiga ƙofa, ya waiga surukinsa, sannan ya karɓi biro ya rubuta a gefen takarda ya tura wa Saje. Ta duba, ta sake dubawa.

"Yallaɓai, ina jin sifili biyu sun yi maka yawa."

"Daidai suke."

"Ai wannan kuɗin mota ne!"

"Hajiya ba ta sani ba," in ji Likita a hankali. "Kuma ba sai ta sani ba."

Sufeto ya shigar da mai gyaran wuta ofis, ya nuna masa benci.

"Ka taɓa shiga ɗakin da kayan kiɗan suke?"

"Ni? Ko ƙofar ban taɓa kallo ba, Yallaɓai."

"To kujerar da ke ɗakin fa, ta katako ce ko ta roba?"

"Ta fata ce, mai kwanciya in ka danna..." Ya sosa ƙeya.

"Ci gaba."

"Sau ɗaya ne, wallahi. Ƙwallo ake yi ranar, talabijin ɗin falo ba ya kamawa. Na zauna na kalli rabin lokaci a talabijin ɗin ɗakin na fito. Amma me zan yi da waya, Yallaɓai? Ni da nake da ita nadi-nadi a shago? Na sha gaya wa Yaya Likita, waya waya ce, in dai jan ƙarfen mai kyau ne kuma kaurinta ya isa. Tun ranar da na faɗi haka ya daina amsa gaisuwata da kyau."

Sufeto ya ce a ajiye shi a bayan kanta, a ba shi shayi, kar a rufe shi.

Gidan Likita bene ne mai hawa ɗaya, ɗakin kiɗan yana can ƙuryar sama. Sai da aka sa Sufeto da Saje suka cire takalma. An manna soso a bango har rufi, labulen tagar ya fi bargo kauri. Sifika biyu ne a tsaye, kowace ta kai tsayin mutum, ga amfilifaya a tsakiya tana ƙyalli. A tsakiyar ɗakin kujera ɗaya ce tak.

Daga bayan amfilifayar wasu baƙaƙen wayoyi biyu suka fito, kowace ta yi kaurin damtsen jariri, suna kwance a kan 'yan ƙananan katakai don kar su taɓa ƙasa.

"To ai ga wayar nan," in ji Sufeto.

"Rigarta ce kawai! Dubi nan."

Sufeto ya tsuguna. A kusa da bango wani abu ya ɓarke saƙaƙƙiyar rigar wayar hagu, ga kashin ɓera a gefe. Ta cikin ɓarakar ya hango soso a cushe, a tsakiyar soson kuma wata siririyar waya ja da baƙi, irin wadda ake ja wa fitilar tebur.

"Ashe ɓera ne ya fara kai samame," in ji Saje. "Ya kamata a ba shi igiya ɗaya ta ƙarin girma."

Likita bai yi dariya ba. "Tawa azurfa ce zalla a ciki, bakinta ruwan zinare. An ɗauke ta an ajiye mini wannan shara."

"Yaushe ka ga ta gasken a ƙarshe?"

"Ba gani ake yi ba, Sufeto, ji ake yi. Ranar Laraba na saurari faifai uku, sautin nan kamar ka miƙa hannu ka taɓa mai jita. Da an canza kafin nan, a daƙiƙar farko zan gane. Kunnena ba ya ƙarya."

"Ranar Juma'a fa? Da Asabar, da Lahadi?"

Likita ya yi gyaran murya. "Na ɗan saurara. Amma mura ta toshe mini kunne."

A hannun kujerar Sufeto ya ga wani littafi mai baƙin bango. Ya ɗauka.

"Wannan fa?"

"Littafin sauraro ne. Kullum ina rubuta yadda sautin ya fita."

Sufeto ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta a fili. "Asabar. Yau wayar ta kai matuƙa. Gangar tana sauka a ƙirji, muryar tana da ɗumi kamar auduga. Kuɗina sun yi rana." Ya ɗago kai. "Wannan da murar aka rubuta?"

"Ta fara sauƙi a ranar."

Sufeto ya sa littafin a hammata, ya ce zai ara.

Matar Likita tana kicin, ga akwati a bakin ƙofa an ɗaure shi da igiya. Mace ce mai jiki, malamar makaranta, da gani ta yi kuka ta gaji ta koma fushi.

"Hajiya, tafiya za a yi?"

"In ƙanina ya kwana a ofishinku, ni ma ba zan kwana a gidan nan ba. Ni na raine shi tun mahaifiyarmu ta rasu. Ko allura bai taɓa ɗauka ba. A kan waya! Wayar da kuɗinta bai wuce na takalmi ba!"

Saje ta buɗe baki, Sufeto ya taka mata ƙafa.

"Kina shiga ɗakin?"

"Ni da aka hana? Shekara guda ban taka shi ba."

"To wa ya bar mayafin teburin guga a bayan labule?"

Ta juya ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke. Can ta ce, "Soket ɗin ɗakin ne kaɗai wutarsa ba ta rawa. Ya sa masa wata na'ura. In ya tafi asibiti nakan shiga in yi guga."

"Kin taɓa taɓa wayar?"

"Sau ɗaya dutsen gugar ya zame ya faɗa a kan ta dama. Ya ƙone rigar, ya bar tabo kamar bakin dutsen, mai kusurwa uku. Na juya tabon ƙasa na yi shiru. Wajen wata huɗu ke nan."

"Na duba wayoyin nan ciki da bai, Hajiya. Ba tabo."

"Ai na sani. Wata biyu da suka wuce na ɗaga in gani, na tarar ya ɓace. Na ce Allah ne ya rufa mini asiri."

A mota Sufeto ya buɗe littafin sauraro, ya koma baya wata biyu yana bin shafukan da yatsa. Saje tana tuƙi.

"Saurari wannan. 'Farfesa ya karɓi wayoyin zai wanke musu sauti, kwana uku.' Ga kuma bayan kwana ukun. 'Farfesa ya dawo da su. Subhanallahi! Kamar an ɗage labule. Ashe da can a cikin rijiya nake sauraro.'"

"Wane ne Farfesa?"

"Mai shagon da ya sayar masa. Likita bai ambace shi ba, kunya yake ji a san har wankin sauti yake biya." Ya ƙara buɗa shafi. "Ga wani. 'Alƙali ya sayi irin wayata a wurin Farfesa. Na je na ji. Ba ta kama ƙafar tawa ba. Kamar ana kiɗa a cikin bokiti. Ban gaya masa ba don kar ransa ya ɓaci.' Sati ɗaya ke nan bayan wankin."

Saje ta juya sitiyari. "Ina ne gidan Alƙalin?"

Tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, abokin Likita tun suna makaranta. Ya karɓe su a falo da sanda a hannu da na'urar ƙara ji a kunnen hagu. Sai da Sufeto ya maimaita abin da ya kawo su sau biyu.

"Wayata sabuwa ce dal," in ji Alƙali da muryar da ya saba yanke hukunci da ita. "A kwalinta aka kawo mini, da takardar shaida daga kamfani. Ta fi ta Likita nesa ba kusa ba. Tasa tana da hanci, kamar mai mura ke waƙa. Ban gaya masa ba, mutum ne mai saurin fushi."

"Yaushe ka ji tasa, ranka ya daɗe?"

"Farkon shekara, da ya saya."

Sufeto ya nemi izini ya zagaya bayan sifikar dama. Ya ɗaga wayar, sai da ya sa hannu biyu saboda nauyi. Ya juya ta. Ga tabon nan a ƙasa, mai kusurwa uku, an shafe shi da baƙin man takalmi.

"Saje, zo ki ga bakin dutsen guga."

Alƙali ya sunkuyo da tabarau. "Farfesa ya ce tambarin kamfani ne."

"Ranka ya daɗe, wannan ita ce wayar Likita. Wadda ka ce tana da hanci."

Alƙali ya taɓa na'urar kunnensa. "Me ka ce?"

"Ka ji ni, ranka ya daɗe."

Ya zauna a hankali. Ya ji ɗin.

Bayan azahar Sufeto ya cire kaki ya sa riga ta gida, Saje ma ta canza kaya ta ɗauki jaka. Suka ɗauko Likita da Alƙali, suka ba su labarin tabon, suka bar su a bayan mota, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, suka shiga shagon Farfesa a matsayin miji da mata.

Shagon sanyi ƙalau, ƙamshi na tashi, an shimfiɗa kafet ja. Farfesa siriri ne mai kwat da ɗan gemu a gyare, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada barcin kayansa.

"Yallaɓai, da ganin kunnenka na san mai ji ne. Akwai kunnen da aka halitta don waƙa."

Sufeto, wanda matarsa take kiransa sau uku kafin ya amsa, ya gyaɗa kai.

Farfesa ya zaunar da shi, ya haɗa sifikun da wata siririyar waya, ya kunna faifai. Waƙa ta fito lafiya lau. Bayan minti ɗaya ya kashe, ya cire ta, ya ɗauko wata ƙatuwa daga akwati mai shimfiɗar karammiski, ya hure bakinta, ya jona.

"Yanzu rufe ido."

Sufeto ya rufe. Waƙar ta dawo, sai ya ji ta cika ɗakin, gangar tana bugun cikinsa. Ya ce a ransa, kai, ko dai Likita yana da gaskiya ne?

"Ka ji ko?" in ji Farfesa. "An ɗage labule."

"Maigida, na ji ni ma," in ji Saje. "Amma ni ban rufe ido ba. Malam, me hannunka yake yi a aljihun kwat?"

"Sanyi nake ji, Hajiya."

"Ciro shi mu gani."

Ya ciro hannun babu komai. Saje ta zura nata ta zaro ƙaramin rimot. Ta danna sau uku, sautin ya koma yadda yake da farko.

Sufeto ya buɗe ido, ya ji kunya ta kama shi, ya huce ta a kan Farfesa. Ya fito da katin aiki ya dangwara a tebur.

"Ina wayoyin Likita?"

"Suna gidansa mana. Ni da kaina na mayar."

"Me ka yi musu a kwana ukun?"

"Sirrin sana'a ne, Yallaɓai. Ana ratsa su da wani sauti na musamman, ya buɗe hanyoyin azurfar."

"Nuna mini injin."

"Yana wurin gyara."

"To nuna mini ɗakin baya."

Ɗakin baya ba kafet, ba ƙamshi. Benci ne da fanka mai ƙara, ga nadin waya ja da baƙi ya kai tayar mota, ga buhun soso, ga saƙaƙƙiyar baƙar riga a dunƙule kamar igiyar rijiya. A kan bencin akwai tarin takardun shaida, duk lambarsu ɗaya, da gwangwanin man takalmi.

Sufeto ya leƙa waje ya yafito Likita da Alƙali. Saje ta ajiye wayar mai tabo a gaban Farfesa. Ya dube ta, ya dubi dattawan biyu, sai ya cire kwat ya ninke ya zauna a kan buhun soso. Muryar nan mai laushi ta tafi, ta talakawa ta dawo.

"Shi ke nan, Yallaɓai. Ta gaske guda biyu kacal na taɓa shigowa da su, dama da hagu. Wannan ce ta daman."

"Mutum nawa ka sayar wa?"

"Biyar. Likita ne na huɗu. In mutum ya yi 'yan watanni sai in ce lokacin wanki ya yi, in karɓo, in ɗinka masa irinta a nan, in kai wa na gaba ta gasken. Wata mai zuwa ne ma lokacin wankin ranka ya daɗe."

Alƙali ya ɗaga sanda, Saje ta riƙe.

"Cikin mutum huɗun da ka canza wa, ba wanda ya dawo ya ce sauti ya lalace?"

"Ko ɗaya. Godiya suke yi. Likita har goge haƙori ya yi mini kyauta."

Likita ya nemi wurin zama bai samu ba, ya jingina da bango. Sanƙonsa ya jiƙe da gumi.

"Tsakaninka da Allah," in ji Sufeto, "akwai bambanci ko babu?"

Farfesa ya yi ajiyar zuciya. "In waya ta yi siriri da yawa a tafiya mai nisa, ko bakinta ya yi tsatsa, za ka ji. Ban da wannan, shekarata goma sha biyar a sana'ar nan, in ban leƙa bayan sifika ba ban san wacce ke ciki ba. Har alama nake yi wa akwatin don kar ni ma in ruɗe."

"Amma na ji," in ji Likita. "Wallahi na ji."

"Ka ji mana, Likita. Kayanka masu kyau ne, waƙar ma mai daɗi ce. Ni abin da na ƙara maka kawai shi ne ka zauna ka saurara da kyau, tunda ka biya."

Ana cikin haka sai ga matar Likita a bakin ƙofa, ƙaninta na biye da ita. Sufeto ne ya buga waya ofis ya ce a sallame shi, shi kuma ya biya ya ɗauko yayarsa. Ta shigo daidai lokacin da Saje take karanto wa Farfesa farashin da ya sayar wa kowa.

"Maimaita na maigidana," in ji ta.

Saje ta dubi Sufeto. Wannan karon bai taka mata ƙafa ba. Ta maimaita.

Matar Likita ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata Likita ke nan. Ta gyara mayafi ta ce, "Baban yara, za mu yi magana a gida. Amma kafin nan, ga wanda ka ja da kwala a titi."

Likita ya tako a hankali har gaban surukinsa, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya. Ya wuce." Ya gyara kwalarsa. "Gobe zan zo in ja maka waya mai kauri daga shagona. Kyauta. In kana so har riga sai in sa mata."

Alƙali ya buga sanda a ƙasa. "To ta gasken fa? Ni na saya a ƙarshe, a hannuna aka same ta."

"Tawa ce, ga tabon gugar matata nan!"

"Ku biyar ne masu ita," in ji Sufeto. "Kayan shaida ce yanzu, tana ɗakin ajiyarmu har kotu ta yanke. Ranka ya daɗe ka fi ni sanin tsawon lokacin da hakan ke ɗauka."

Saje ta sa wa Farfesa ankwa, ta rataya wayar a kafaɗa, suka fito. Masu shagunan layin sun yi cirko-cirko suna kallo. Aka shigar da shi bayan mota, Sufeto ya zauna a gaba ya ɗauki oba-oba, rediyon 'yan sanda, don ya sanar da ofis. Na'urar ta hau ƙara tana tsartuwa, ba a jin komai sai shuuu.

Farfesa ya karkata kai ya saurara. Ya matso da bakinsa kusa da kujerar gaba, muryar nan mai laushi ta dawo.

"Yallaɓai, ba don na shiga aikinku ba, amma wannan na'urar taku lafiyarta ƙalau. Waya ce matsalarta. Ina da wata 'yar ƙarama a shago, ta musamman, in za ka..."

"Saje," in ji Sufeto, "ja mota."